Kwamanda da Dokar 'Yarsa

Mijina ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen farautar masu tabar wiwi. A hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fara aiki yana ƙaramin jami'i, a nan ya yi furfura, ya yi ritaya da muƙamin kwamanda da kuma ɗingishi a ƙafar hagu. Harsashi ne ya same shi a wata gonar wiwi da suka je ƙonawa cikin daji, kuma a ranar wani abokin aikinsa bai dawo da rai ba. Har yau duk unguwa Kwamanda ake ce masa, daga mai gyaran famfo har jikokinsa idan suna son tsokanarsa.

'Yarmu ta biyu kuwa, shi da bakinsa ya laƙaba mata Lauya tun ba ta shiga makaranta ba. Ka ce mata ta je ta kwanta, sai ta tambaye ka dalili. Ka ba ta dalilin, ta kawo maka wanda ya fi shi. Sunan ya bi ta, ita ma ta bi sunan, har ta karanta shari'a ta zama lauyar gaske. Ni malamar firamare ce kafin in ajiye aiki, don haka raba faɗa ba baƙon abu ba ne a wurina. Amma na waɗannan biyun ya fi ƙarfin aji.

Ba za a gane faɗan nasu ba sai an san labarin ƙanena, autanmu. Auta a gidan aurena ya tashi, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ya koyi aikin wutar lantarki, hannunsa na da kyau, har wani kamfani ya yi masa alkawarin ɗauka. Ana cikin haka aka kama shi da ƙulli ɗaya na wiwi a aljihun wando. Ba ya sayarwa, kowa ya san haka, har waɗanda suka kama shi. Amma dokar lokacin ba ta san wannan bambanci ba. Ɗaurin shekara biyar ne, babu zaɓin tara.

Na durƙusa a gaban mijina ina kuka. Na san kalma ɗaya daga bakinsa za ta isa a saki yaron kafin a kai shi kotu.

Ya ce, "Idan na cire ƙanenki, da wane ido zan kalli uwar wanda ba shi da kowa?"

Bai cire shi ba. Amma kuma bai taɓa fashin ziyara ba. Shi ke kai masa sabulu da magani, ya tsaya a layi kamar kowa, bai taɓa nuna katinsa don a wuce da shi gaba ba. Lauya tana sakandare a lokacin, takan bi shi. Abin da ta gani a ɗakin ziyarar nan ba ta taɓa ba ni labari ba, ni ma ban tambaya ba.

Auta ya fito da tari mai tsanani da giɓi a baki, ya kuma fito ya san sunayen ƙwayoyin da bai taɓa ji ba kafin ya shiga. Da ƙyar muka raba shi da su. Kamfanin da ya so shi ya ce ba ya ɗaukar wanda aka taɓa ɗaurewa, sauran ma haka. Ya kama ɗan shago a bayan kasuwa yana gyaran fanka da dutsen guga. Yana gaishe da Kwamanda da ladabi, yana ce masa Yaya kamar da, amma bai sake zama ya ci abinci tare da shi ba.

Shekaru suka wuce. Wata ranar hutu Lauya ta zo cin abincin rana. Na lura tana juya cokali ba ta ci.

Ta ce, "Baba, akwai maganar da nake so ka ji daga bakina kafin ka ji a rediyo."

Ya ce, "Miji kika samu?"

"Doka na rubuta."

"Ai da mijin ne da ya fi sauƙi. Ina jin ki."

Ta yi masa bayani. Wani kwamitin majalisa ne ya nemi ƙungiyar lauyoyin da take aiki da su ta taya shi gyara dokar miyagun ƙwayoyi, ita aka ɗora wa rubuta ƙudirin. Wanda aka kama da ɗan abin da bai wuce na shansa ba, ba za a kai shi gidan yari ba. Alƙali zai tura shi cibiyar gyaran hali ya ga likita da masu ba da shawara, ya kuma yi wa al'umma aiki na wani lokaci. Mai nomawa da mai sayarwa kuwa, hukuncinsu na nan daram.

Kwamanda ya ajiye cokalinsa a hankali. "Wato kin halatta ta."

"Ban halatta ba, Baba. Har yanzu laifi ne. Cewa na yi a auna hukuncin da girman laifin."

"Kin taɓa ganin yaron da tabar nan ta juya wa kai? Ni na ga wanda ya bi uwarsa da wuƙa. Da hannuna na ƙwace ta."

"Na ga irinsu. Shi ya sa nake so likita ya riga wuƙar isa gare su. Wa gidan yari ya taɓa warkarwa? Kawu ya shiga da ƙulli ɗaya. Da me ya fito?"

Ba a taɓa ambaton maganar Auta a teburin nan ba. Na tashi na ce bari in ɗora shayi, ko da yake ba wanda ya nema.

Ba a yi nisa ba sai ga ƙungiyar tsofaffin jami'an hukumar sun zo gida. Kwamitin zai yi zaman sauraron ra'ayin jama'a, suna so Kwamanda ya yi magana a madadinsu, ya soki ƙudirin. Sun san 'yar wa ta rubuta, ina jin ma shi ya sa suka zaɓe shi. Na ce masa ya ba su haƙuri.

Ya ce, "Abin da na yi imani da shi zan faɗa. Da 'yar wani ce ta rubuta, da zan je. Don tawa ce sai in ɓuya?"

Na kira Lauya na faɗa mata. Ta ce, "Mama, ki ce masa ya shirya da kyau."

Ranar zaman ni na goge masa rigarsa, ni na goge mata tata, don a gida ta kwana. Mota ɗaya muka shiga, ni ke tuƙi saboda ƙafarsa. Yana gaba, tana baya, kowa da takardunsa a cinya. A hanya maganar da aka yi ɗaya ce, ya ce mata ta ɗaura bel.

Ɗakin taron dogo ne, da wani teburi mai lanƙwasa a gaba inda 'yan kwamiti suka zauna, kowa da makirufo da gorar ruwa. Fanka ɗaya tana ƙara kamar za ta faɗo. Masu goyon baya sun taru a hagu: likitoci, lauyoyi, da wasu iyaye mata riƙe da hotunan 'ya'yansu. Masu adawa suna dama: tsofaffin jami'ai, wasu shugabannin makarantu, da su ma iyaye mata riƙe da nasu hotunan. Na tsaya a ƙofa na rasa inda zan nufa. A ƙarshe na roƙi mai gadi ya ara mini kujerarsa ta roba, na dasa ta a tsakiyar hanya a can baya.

Da aka kira Kwamanda, ya tashi da sandarsa, ya ƙi zama. Bai duba takarda ba. Ya ba su labarin gonakin da ya gani, da yaran da ake sa wa bindiga a hannu su yi gadin su. Ya ce kowane ƙulli da aka saya a lungu, kuɗinsa can yake komawa. Ya ce tsoron ɗauri ya hana yara da yawa taɓawa, yaran da ba wanda zai taɓa sanin adadinsu don ba su taɓa zuwa gaban alƙali ba. Ya ambaci abokinsa da ya mutu, bai ɗaga murya ba. Ko ɓangaren hagu sun kasa kunne suna saurare. Na kalle shi. Mutumin nan bai taɓa karɓar ko kwalbar lemo daga hannun mai laifi ba, kuma duk wanda ke ɗakin ya san haka.

Sai Lauya ta miƙe ta nemi izinin shugaban kwamiti, wani mai ƙiba mai son raha.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni dama in yi wa mai magana tambaya. A gida idan na yi masa, cewa yake in je in taya Mama aiki."

Ɗakin ya fashe da dariya. Shugaban ya ce, "Yau kam babu kicin a nan. Bismillah."

Ta juya ta fuskanci ubanta. "Ranka ya daɗe, a tsawon aikinka, su wa suka fi cika ɗakunan da kuke tsare mutane? Masu gona da masu safara, ko masu ƙulli ɗaya a aljihu?"

Na ga shugaban ƙungiyar tsofaffin jami'ai yana yi masa alama da ido. Kwamanda bai ko kalle shi ba.

Ya ce, "Masu ƙulli ɗaya. Nesa ba kusa ba."

"Manyan fa?"

"Manyan kafin mu gama rubuta rahoto lauyoyinsu sun iso. Irinku."

Aka sake dariya, ita ma ta yi murmushi. Ta ce, "Waɗanda aka ɗaure kan ƙulli ɗaya, idan sun fito, kukan sake ganin su?"

"Muna sake gani."

"Da ƙulli ɗaya?"

Ya ce, "Da abin da ya fi shi."

Ta ce ta gode, za ta zauna. Sai Kwamanda ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, ni ma ina da tambaya, tun da yau ranar tambaya ce." Shugaban ya ba shi dama. Ya juyo gare ta. "Kin ce alƙali ya tura mutum cibiya. Ina cibiyar take? Asibitin ƙwaƙwalwa ɗaya muke da shi a duk yankin nan. Na sha kai mutane can, a ƙasa suke kwana don babu gado. Alƙali ya buga guduma ya ce a kai shi cibiya, ɗan sanda ya fito da shi bakin kotu. Daga nan ina za su nufa?"

Ta ce akwai sashen da ya ɗora wa gwamnati alhakin samar da cibiyoyin.

"Na karanta shi. Ya ce gwamnati za ta samar. Yaushe? A wane gini? Idan ba a samar ba fa, me dokarki ta ce a yi da mutumin? Abin da zai faru shi ne a sake shi ya koma lungun da aka kamo shi, mai sayarwa na jiran sa, ya kuma sani yanzu ba abin da za a yi masa."

Abokan aikinta suna ta turo mata 'yan takardu. Ba ta duba ko ɗaya ba. Na san fuskar nan tata, tana iya juya magana ta yi ta zagaye har a manta abin da aka tambaya. Ta iya, a wurin ubanta ta gada. Amma ba ta yi ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da amsar da za ta gamsar. Gaskiyarsa ne. Wannan giɓi ne a ƙudirin."

Ina zaune a kujerar mai gadi na ji hawaye na zubo mini. Matar da ke kusa ta tambaye ni wane ɓangare nake. Na ce mata duka biyun daga gidana suka fito.

Kwamitin ya mayar da ƙudirin, ya ce sai an gyara. A majalisa kuwa kowa ya san abin da aka ce sai an gyara yakan kwana a durowa har abada. Tsofaffin jami'ai suka kewaye Kwamanda suna ba shi hannu. Lauya ta tattara takardunta, ta zo ta ce mini za ta hau tasi.

Ta ɗauke ƙafa daga gidan. Takan kira ni, ta tambayi lafiyata, ta ce in gaida mutanen gida. Shi kuma ya yi kamar bai damu ba, sai dai duk motar da ta tsaya a waje sai ya ɗaga labule. Da safe sai in same shi a baranda da tabarau, ƙudirin nata a hannu, yana ja masa layi da jan biro kamar mai duba jarrabawa.

Wata safiya ya sa takalmi ya ce in ɗauko makullin mota.

"Ina za mu?"

"Bayan kasuwa. Wurin Auta."

Muka same shi ya buɗe cikin wata fanka, waya a baki. Da ya ga wanda ya fito daga motar sai ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Yaya, lafiya? Ko kama ni ka zo yi?" Da dariya ya faɗa, amma dariyar ba ta kai ido ba.

"Aiki na kawo maka. Ɗauko kayan gwajinka."

Kwamanda ya nuna mini hanya har wata unguwar masu hali, muka tsaya a gaban wani katafaren gida mai hawa biyu. Ciyawa ta kai ƙugu a tsakar gidan, fentin ya kwaile, ga tambarin hukuma a jikin ƙofa ya kusa gogewa. Gidan wani babban dillali ne da kotu ta ƙwace shekarun baya. Kwamanda ne ya sa masa kwaɗo da hannunsa. Ya ce akwai irinsa da yawa a warwatse, an ƙwace an kulle an manta, ɓeraye da tantabaru ne ke morar su. Tsohon mai gadin wurin ya gane shi, ya buɗe mana.

Ya ce wa Auta, "Duba mini wayoyin gidan nan. Ina so in san ko mutane za su iya zama a ciki ba tare da an rushe an sake ba."

Auta ya bi ɗaki ɗaki, yana buɗe makunnai, yana leƙa silin da tocila. Na daɗe ban ga ƙanena yana aiki a babban gini ba. Tafiyarsa ma ta canza. Ya dawo yana kakkaɓe ƙura ya ce wayoyin masu kyau ne, ɓarawon bai yi rowa wajen gina gidansa ba, abin da ke buƙatar canji kaɗan ne.

Sai ya tambaya, "Su wa za a sa a ciki?"

Kwamanda ya faɗa masa.

Auta ya ɗaga kai ya kalli tagogin, kowace da sandunan ƙarfe masu kauri. Ya ce, "To a cire waɗannan."

"Su gudu?"

"Yaya, duk wanda ya shigo ya ga ƙarfe a taga, ba zai ji abin da likita ke faɗa ba. Ƙarfen kawai zai riƙa kallo. Ni na sani."

Kwamanda ya tsaya yana kallon tagar, ya jingina da sandarsa. Na zaci zai yi gardama. Can ya ce, "Na sama a cire. Na ƙasa a bari saboda ɓarayi."

Auta ya ce, "Na ƙasa a yi musu fenti fari."

"An gama."

A hanyar komawa muka tsaya sayen burodi, Kwamanda ya gutsura ya miƙa baya ba tare da ya juya ba. Auta ya karɓa ya ci.

Da muka isa gida Kwamanda ya ce, "Kira mini 'yarki."

"Ba taka ba ce?"

"Idan tana fushi taki ce."

Ta zo da yamma, fuska a ɗaure, ta gaishe shi kamar baƙo. Ya tura mata ƙudirin da ya cika da jan biro, ya kuma faɗa mata maganar gidajen. A rubuta a cikin dokar kanta cewa gidajen da aka ƙwace daga dillalai su za a mayar cibiyoyi, kuma dokar ba za ta fara aiki a wani yanki ba sai an buɗe cibiya a can. Na ga fushin yana sauka daga fuskarta, tana ƙoƙarin riƙe shi ya ƙi riƙuwa.

Ta ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗi wannan a gaban kwamiti ba?"

"Lokacin ban san shi ba. Tambayar kawai na sani."

Daga ranar teburin cin abincina ya zama ofis. Watanni suka yi suna kai ruwa rana. Shi yana so wanda ya ƙi zuwa cibiya sau ɗaya a mayar da shi gaban alƙali, ita ta ce sai sau uku, suka tsaya a biyu. Shi ya dage a ninka hukuncin wanda ya sayar a kusa da makaranta, ta yarda nan take, har ya ji haushi don ya shirya dogon jawabi. Kan yawan abin da za a kira na shan mutum kuwa, sai da na kwashe kofuna daga gabansu. Wani lokaci Auta yakan zo ya zauna a gefe, idan suka rubuta abin da ba zai yiwu a cikin gidan yari ko a lungu ba, ya ce musu ba haka abin yake ba.

Ƙungiyar tsofaffin jami'ai ta ji labari. Shugabansu ya zo har gida ya ce Kwamanda ya ba su kunya, 'yarsa ta juya shi.

Kwamanda ya ce, "Ba wanda ya juya ni. Har gobe ba na son dokar nan, kuma idan aka sake tambayata haka zan faɗa. Amma na ga alamar za a yi ta, ko bana ko baɗi. Idan za a yi, ba za a yi ta da rami a tsakiya ba alhali daga gidana ta fito."

Da aka mayar da ƙudirin, majalisa ta amince, amma sai da ta yanke masa wani sashe. Lauya ta rubuta cewa waɗanda aka ɗaure a da kan ɗan ƙulli a goge musu tabon daga takardunsu. 'Yan majalisa suka ce wannan ya yi yawa. A kicin ta same ni ta kifa kai a kafaɗata ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya, don kowa ya san saboda wa ta rubuta sashen. Auta ne ya lallashe ta.

Ya ce, "Ke, share hawayenki. Ni nawa ya riga ya wuce. Na baya kika tare wa."

Shi ya gyara wutar gidan nan mai hawa biyu da aka mayar cibiya ta farko. Sai dai a ƙarƙashin wani ɗan kwangila ya yi, don har yanzu takardarsa ba ta bari a ba shi aikin gwamnati da sunansa.

A makon da dokar ta fara aiki, Kwamanda ya ce in kai shi kotun majistare. Ba mu san kowa a cikin waɗanda za a gurfanar ba. Muka zauna a bencin baya. Lauya tana can gefe tare da abokan aikinta, ta gan mu ta yi kamar ba ta gani ba.

Aka kira wani magidanci, ma'aikacin gidan burodi, har da sauran fulawa a gefen wandonsa. Matarsa na zaune a gabanmu da jariri a hannu. An same shi da ƙulli ɗaya, ya amsa laifinsa. Mai gabatar da ƙara ya miƙe, bisa sabo, ya fara neman ɗaurin shekara biyar. Alƙaliyar ta leƙo ta saman tabarau ta tambaye shi ko ya karanta abin da aka aiko wa ofishinsu. Ya duba takardunsa, ya nemi afuwa, ya zauna. Ta karanta sabon sashen, ta ce mutumin ya riƙa zuwa cibiya tsawon wata uku, da sharar asibiti duk ƙarshen mako. Ta ce yau a gidansa zai kwana, gobe ya koma aikinsa.

Matar mutumin ba ta gane ba da farko. Ta juyo ta tambaye ni, "Mama, shekara nawa aka ce?" Na ce mata ba a ce ko ɗaya ba. Ta rufe fuskarta da zanin jaririn.

Wani dattijo da ke kusa da Kwamanda ya ga yadda ya miƙa wuya yana sauraro, ya ce, "Ɗan'uwanka ne?"

"A'a. Dokar na zo gani. 'Yata ce ta rubuta ta." Ya nuna ta da sanda. "Waccan mai baƙar riga. Ni na yi adawa da ita a gaban majalisa, har na kayar da ita sau ɗaya. Ta tashi ta dawo."

Da ƙarfi ya faɗa, har ɗan sandan kotu ya daka tsawa a yi shiru. Kwamanda, wanda ya shekara talatin yana sa mutane shiru, ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri.

A waje ya tare mai burodin, ya kafe shi da idon nan nasa na aiki. Ya ce masa idan ya kuskura ya yi fashin zuwa cibiya, shi da kansa zai nemo shi. Mutumin bai san ko wane ne ba, amma ya rantse ba zai yi ba.

Lauya ta iso. Ya ce mata alƙaliyar ta yi saurin karanta sashen, kuma wata uku ya yi kaɗan, da shida aka sa.

Ta ce, "Baba, ko sau ɗaya ka ce na yi ƙoƙari mana."

Ya ce, "Riƙe ni, matakalar nan tana da santsi."

Matakalar a bushe take ƙayau. Ya miƙo mini sandarsa ya kama hannunta. Na wuce gaba na buɗe mota na zauna. Harabar kotun cike take da mutanen da ya sani tun zamanin aiki, 'yan sanda, magatakarda, wani tsohon alƙali da ya zo wucewa. Ina hango shi ta gilashi, duk wanda ya gaishe shi sai ya tsayar da shi ya nuna masa ita, ya fara bayani da hannu. Rana ta take, motar ta yi zafi, ina da tukunya da zan ɗora a gida. Na sauke gilashi na gyara zama na bar su.